Mai Jirgi Ya Koma Gida Da Shararsa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Ga wata magana a kan gulbi zuwa ga malamai da almajirai, da attajirai da fatake na ƙasar Gobir, musamman na Sabon Birni da Isa.

A ƙasashen Turai akwai wani tsere da a ke yi da jiragen ruwa masu filafilai, waɗanda iska ke korawa. An fara shi a 1973 daga Ingila, jiragen su kewaye duniya ta cikin teku, wata da watanni. A kan yi mako biyu ko uku mutanen jirgi ba su ga tudu ba. Abincinsu busasshe ne, sai an zuba masa ruwan zafi, ruwan shansu kuwa daga tekun su ke tace shi da na'ura. Ni dai ban ga abin yabo a cikin tseren kansa ba, gama dukiyar da a ke kashewa a kan jirgi guda ta isa ta haƙa rijiyoyi a garuruwa masu yawa. Amma hikima kayan mumini ce da ta ɓace, inda ya tsince ta duka sai ya ɗauka.

Abin da na tsinta shi ne wannan. A cikin dokokin tseren jirage na duniya an sa wata doka tun 2013, cewa kada mai tsere ya jefa shara cikin ruwa da gangan, wanda ya jefa kuwa a hukunta shi. Ku duba fa, mutum ne a tsakiyar teku, ba ɗan doka, ba alƙali, kuma nauyi kowane iri rage masa gudu ya ke yi. Duk da haka ledar abincinsa da guntun igiyarsa sai ya matse su a buhu, ya kai su gaci. A tseren da ya tashi daga Alikante ta ƙasar Sifen a 2017, ya ƙare a 2018, an ɗora wa wani jirgi na'urar ɗiban ruwa don bincike. Sai ga ɓarɓashin roba har a kusa da wurin da ya fi ko'ina nisa da tudu a duniya, inda ƙasa mafi kusa ta wuce mil 1,600.

To, ina ruwan Bagobiri da wannan? Ruwansa kuwa shi ne gulbinsa. Bunsuru da Gagare su na haɗuwa a wajen Isa, ruwan ya bi ta Sabon Birni, Gulbin Maraɗi ya ƙara masa, ya gangara madatsar Goronyo, ya wuce Sakkwato da Argungu da Birnin Kebbi, ya faɗa Kwara, Kwara ta kai shi teku. Watau ledar ruwan da fasinja ya tsotse ya yar daga cikin kwalekwale ba ɓacewa ta yi ba. Ko ta maƙale a fadama saniya ta haɗiye ta, mahauta kuwa su ne shaidun abin da su ke ciro wa daga tumbin dabbobi, ko ta naɗe farfelar injin wani, ko ta yi ta tafiya ta na marmashewa shekara da shekaru. Kakanninmu da suka zauna Alƙalawa sun zubar da shara su ma, amma tasu ƙwarya ce da ganye da tsumman saƙi, ƙasa ta cinye su. Tamu ƙasa ba ta ci.

Allah gafarta malamai, wannan babi naku ne tun kafin Turawa su san shi. Almajirin da ya fara Ishmawi, kafin ya kai Risala, ya rigaya ya ji cewa ruwan tsarki shi ne wanda launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa ba su sāke ba da wani abin da ba nasa ba. In abu mai tsarki ne ya sāke shi, a yi aikin gida da shi amma ba a yi alwala ba. In najasa ce, ya fita daga duka biyun. Jan ruwan damina ba kome, domin laka ta gulbi ce. Amma baƙin mai da mai inji ke tsiyayewa a mashigi in ya zo juye, har ruwa ya riƙa ƙyalli ya na warin fetur, wannan fa? Taku kaɗan a ƙasa da wurin, ga matafiyi ya tsuguna ya na alwalar azahar, ga yarinya ta na cika tulu. Mai injin bai nufi ɓata wa kowa salla ba, bai dai sami wanda ya haɗa masa karatun da aikinsa ba ne. An karanta masa babin ruwa a kan buta da rijiya, ba a taɓa kai shi bakin gulbi ba. Alhali kuwa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana ƙazantar da mashayar jama'a, ya kuma hana cuta da cutarwa.

Mafi muni shi ne su da guba. Gamalin maganin ƙwari ne na gona, sai wasu suka mai da shi taru. A zuba shi a gurbi in ruwa ya ja baya, kifi manya da 'ya'ya su taso, a kwashe a kai kasuwa, mai saye bai sani ba. Dokar kamun kifi ta Nijeriya ta 1992 ta hana su da guba, kuma a 2009 ƙasashen duniya suka sa sinadarin da ke cikin Gamalin a jerin abubuwan da aka hana. Attajirin da ya sayar da kwalbar guba ga mutumin da ya san ba shi da gona sai koma, to, ya yi tarayya da shi a cikin alhakin.

Na san abin da za a ce. Za a ce masu tseren nan ƙosassu ne, wasa su ke yi, mai fito kuwa na Gobir abincin yau ya ke nema, kuma a shekarun nan da 'yan bindiga suka tsare hanyoyi, mutane da yawa gudun rai ke shigar da su jirgi. Gaskiya ne, kuma ba mai hankalin da zai tambayi mai gudun mutuwa inda ya yar da leda. Amma ba kullum a ke gudu ba. Ranar kasuwa ta fi ranar gudu yawa. Sa'an nan kuma ƙosasshen nan in teku ta ɓaci gida zai koma ya buɗe famfo, mu kuwa gulbin shi ne randa, shi ne gonar albasa da shinkafa, shi ne hanya. Wanda ya fi bukatar abu shi ya kamata ya fi tsaronsa.

Abin da na ke roƙo ba ya cin ko kwabo. Kowane kwalekwale a ɗaure masa tsohon buhun taki a gindi, abin da aka ci aka sha a cikin jirgi ya shiga nan, a juye shi a tudu nesa da gaci. Baƙin mai a tare shi a galan, ai ma kuɗi ne, magina su na saye don shafe katako saboda gara. Komar roba da ta yage a fito da ita, gama in an bar ta a ruwa ta na ta kamu ba mai kwasa. Masu tseren can abin da ya riƙe dokarsu shi ne kunyar junansu, da kuma alƙalan da ke jiransu a gaci. Mu ma mu na da namu: ga Sarkin Ruwa, ga shugabannin masu fito a kowane mashigi, ga hakimai da dagatai. In Sarkin Ruwa ya ce jirgin da ba shi da buhu ba zai ɗauki fasinja ba, kafin kasuwa biyu kowa ya ɗaura.

Fatake kuma da ke ɗaukar shatar jirgi don buhunan gero da albasa, ku ne masu biya, maganarku ta na da nauyi a wurin mai jirgi fiye da ta kowa. Limamai kuwa, huɗuba guda kafin ruwa ya sauka, a kan babin ruwa, a ambaci mai da guba da leda da sunayensu yadda mai fito zai gane da shi a ke.