Mata a garejin gyaran mota: horo ya samu, saura masu kawo aiki

Daga Dakar zuwa Wagadugu har Sakkwato, ganin mace riƙe da sifana a ƙarƙashin mota ya daina zama abin al'ajabi kamar da. A Najeriya, Sandra Aguebor ta kafa shirin Lady Mechanic Initiative tun 2004. A Burkina Faso, cibiyar CFIAM na koya wa ƴan mata gyaran mota, kuma a kan ɗalibanta aka yi fim ɗin Ouaga Girls a 2017. A Sakkwato kuwa, ƙungiyar Nana ta Fatima Adamu ta buɗe gareji na mata.

Abin lura shi ne akasarin matan nan ta ƙofar cibiya ko ƙungiya suka shiga sana'ar, ba ta ƙofar da maza suke bi ba. A Maraɗi ko Damagaram, uba ne ke kama hannun ɗansa tun yana ƙarami ya damƙa shi ga maigidan gareji. Yaron zai yi shekaru yana wanke ƙarafa da fetur, yana miƙa sifana, ana aikensa kasuwa, ba albashi sai ɗan kuɗin abinci. A wannan zaman ba kwance inji kaɗai yake koya ba. Yana sanin wane mai kayan gyara ne ke ba da bashi, wane ne ke sayar da jabu, masu motoci kuma suna sabawa da fuskarsa. Ranar da aka yaye shi, da wasu daga cikinsu zai tafi.

Iyaye ƙalilan ne za su bar ƴarsu ta wuni cikin samari a bakin titi har shekara biyar ko fiye. Don haka yarinya takan fito daga cibiya da takardar shaida, wani lokaci ma ta fi yaron gareji sanin dalilin abin da take yi, amma ba fili, ba kayan aiki, ba wanda ya san ta. In aure ya zo kafin ta kafu, sai sana'ar ta koma hannun abin da miji ya yarda da shi.

Zancen ƙarfi da aka saba kafa hujja da shi yana ta raguwa. Motocin yanzu cike suke da wayoyi da kwamfuta, kuma matsala da yawa sai an jona na'urar bincike an karanta abin da ta nuna. Nan karatu ya fi damtse amfani, kuma tsofaffin makanikai da dama ba su yi boko ba. Aikin ma ba ya yankewa: tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin bayan juyin mulkin Yulin 2023, kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya ta yi nisa, mai tsohuwar mota ya gwammace ya yi ta lallaɓa ta.

Sai dai na'urar da kuɗi ake sayenta, kuma garejin da bai da tabbacin aiki ba ya samun bashin banki. A nan misalin Dakar ke da amfani. Garejin Femme Auto na Ndeye Coumba Mboup ya tsaya da ƙafarsa ne da ya samu hukumomi da ƙungiyoyi suna kawo masa motocinsu a kai a kai, ba da jiran mai wucewa ba.

A Yamai, ma'aikatu da ƙungiyoyin agaji na da tarin motocin da ake canja wa mai da birki duk bayan ƴan watanni. Cikinsu har da masu ɗaukar nauyin horar da ƴan matan, a raba musu takardu gaban kyamara. Kamata ya yi a tambaye su gareji nawa na matan da suka horar suke kai wa nasu motocin.