Kan batun shafin ƙungiya: a sake shi kaɗan-kaɗan

Muhawarar da ake yi a guruf kan shafin intanet na ƙungiyarmu ta ƙi ƙarewa, shi ya sa na ga gara in faɗi nawa a nan, inda ba za a binne shi da sitika ba.

Masu rinjaye suna cewa 'yan kwamfutarmu su rufe ƙofa su gina komai: rajistar mambobi, biyan kuɗin ƙungiya, kama kujera a motar tafiya gida lokacin hutu, tsofaffin takardun jarrabawa, duka. In an gama sai a kira taro, a gayyaci manya, a ƙaddamar. Ni gaskiya ban yarda ba. Ina girmama masu wannan ra'ayi, amma hanyar tana da haɗari, kuma kuɗin mutane ne a ciki.

Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja ya san cewa ba ta aiki a hannun jama'a yadda take yi a kwamfutar mai ita. In ka saki abu biyar rana ɗaya, wani ya biya kuɗin mota amma sunansa bai fito ba, ina za ka fara dubawa? Wajen biyan kuɗi? Wajen rajista? Ko inda suka haɗu? Za ka kwana kana lalube, wayarka na ta ƙara, mutum yana tambayar kuɗin da babansa ya turo masa daga Gusau. Amma in abu ɗaya ka canja jiya, yau ya lalace, ai ka san mai laifi. Ka janye shi, ka koma kan na shekaranjiya, cikin minti kaɗan. Don irin wannan aka yi Git, mai ajiye tarihin kowane canji. Ko iyayenmu mata ba sa juye gishiri gaba ɗaya a tukunya, zubawa suke suna ɗanɗanawa.

Wani ya ce ai abin kunya ne mu fito da shafin da bai cika ba, sauran ƙungiyoyi za su yi mana dariya. To, Linus Torvalds yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ya saki Linux a 1991, ya sa masa lamba 0.01, abin da ya iya yi kaɗan ne ƙwarai. Mutane suka gwada, suka turo gyara, ya riƙa fitar da sabo a kai a kai. Yau wayar Android ɗin da kake karanta wannan rubutu da ita a kansa aka gina ta.

Sai dai fa ƙanƙantar canji kaɗai ba ta isa ba, kuma nan ne nake so mu tsaya. Ranar Juma'a 19 ga Yuli, 2024, kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike da ke Amurka ya tura wani ɗan ƙaramin sabuntawa. Ƙarami ne, amma kowa aka tura wa lokaci guda. Microsoft ya ƙiyasta kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 masu Windows suka tsaya cak. Aka soke tashin jirage, aiki ya rikice a bankuna da asibitoci, kuma da yawa daga kwamfutocin sai da mutum ya je gabansu ya gyara da hannu. Bayan abin ya faru kamfanin ya ce zai koma tura irin wannan sabuntawa mataki-mataki. Wato bayan canjin ya zama ƙarami, waɗanda za su fara karɓarsa ma su zama kaɗan. Kun lura wani lokaci abokinka yana da sabon abu a WhatsApp kai naka bai zo ba? Ba wayarka ce ta tsufa ba dole, sau da yawa da gangan ake farawa da wasu.

Na san akwai wahala. Sakin abu duk mako yana buƙatar wanda zai zauna ya saurari ƙorafi, ga lakca, ga tes, ga wutar da ba ta tsayawa. Kuma babu ranar yanka kintinkiri da ɗaukar hoto, wanda na san shi ne ke damun wasu shugabanni, a yi haƙuri. Amma ƙorafin mutum goma a mako ya fi sauƙin ɗauka a kan na mutum ɗari a daren da mota za ta tashi.

Shawarata ga kwamiti: a fara da rajista kawai, suna da sashe da jiha, a ba 'yan hostel ɗaya su gwada mako guda. In ta zauna, a buɗe wa kowa. Sai kama kujerar mota, ba tare da kuɗi ba tukuna, ma'aji ya ci gaba da karɓa yana rubutawa a littafinsa. Biyan kuɗi ya zo ƙarshe, a gwada shi da 'yan kwamiti da kuɗinsu. Kuma don Allah kada a taɓa komai a makon jarrabawa ko ana jibi tafiya. Zan kawo wannan a zaman ranar Asabar bayan La'asar, in sha Allah, wanda ke da ja ya zo da hujjarsa.