Hakkin Mazan Jiya Idan Sun Saki Ƙasarsu

 Ga wata mas'ala wadda ya kamata malamai da fatake su san ta, gama su a ke kai wa takarda su duba, su kuma a ke tambaya labarin ƙasashe. A Indabo ta ƙasar Wudil, kamar sauran garuruwan Kano, a kan sami dattijon da ya yi aikin soja aka sallame shi, yana karɓar fansho, ga shi kuwa ɗansa ya zauna wata ƙasa yana kiransa ya koma wurinsa. To, idan dattijon nan ya tashi, har ya saki zamansa ɗan Nijeriya ya karɓi takardar waccan ƙasa, ina makomar hakkinsa?

A wajen malaman fiƙihu amsar ba ta da wuya. Wanda aka ɗauka aiki ya gama, ladansa ya zama bashi a wuyan wanda ya ɗauke shi, ko ya ƙaura ko bai ƙaura ba. Amma hukumomin zamani ba su biya sai bisa sharaɗin da suka rubuta cikin doka, kuma kowane kuɗi da abin da aka rataye shi a kai. Wani an rataye shi ga aikin da mutum ya yi, wani ga takardar ƙasarsa, wani kuwa ga wurin zamansa. Wanda bai rarrabe ukun nan ba, ya kan yi hasara bai sani ba.

Babu inda wannan ya bayyana kamar abin da ya sami maƙwabta na arewa, watau mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa, waɗanda fataken Wudil su ke ciniki da su. Sa'ad da Ingila ta kwashi samarin Nijeriya zuwa yaƙin Bama, Faransa ma ta kwashi na ƙasashen da ta ke mulki, suka yi mata yaƙin Hitila, bayansa kuma waɗansu suka yi na Indocin da na Aljeriya. A cikin 1946 aka yi doka wadda ta ba mutanen ƙasashen nan matsayin 'yan ƙasa. Da mulkin kai ya matso, sai Majalisar Faransa ta sa wani sashe, na 71, cikin dokar kuɗi ta ran 26 ga Disamba, 1959, wanda ya tsai da fanshon sojojin da ƙasashensu suka sami mulkin kai a kan adadin da ya ke a lokacin, ba ƙari. Nijar ta sami mulkin kanta ran 3 ga Agusta, 1960, hukuncin ya hau kan mazan jiyanta. Faransawa da kansu suka sa wa abin nan suna daskarewa.

Mai karatu ya lura, mutanen nan ba su je gaban kowa sun ce sun saki Faransa ba. Takarda ce kaɗai ta sāke a kansu suna zaune a gidajensu. Duk da haka, mutum biyu da suka kwana rami guda, harsashi guda ya bi ta kansu, wanda ya zauna Faransa ya riƙe takardarta ana yi masa ƙari yadda tsadar kaya ta ke hawa, wanda ya komo garinsu kuwa kuɗinsa na nan inda aka bar shi. Kowane falke ya san abin da shekara talatin ta ke yi wa kuɗin da ba ya motsi. Abin da ya sayi sa a da, ya komo ba ya sayen akuya.

Ƙwato hakkin nan ya ci shekara hamsin. A cikin 1989 kwamitin hakkin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya duba ƙarar tsofaffin sojojin Sanigal su 743, ya ce an nuna musu bambanci, gama don aiki a ke biyan fansho, ba don ƙasar mutum ba. Wannan kuwa ita ce maganar malaman fiƙihu tun farko. Ran 30 ga Nuwamba, 2001, babbar kotun Faransa mai duba al'amuran mulki ta ba wani tsohon saje, Amadu Diop, gaskiya, amma hukuncin ya tarad da shi a kabari. A cikin 2007 aka daidaita kuɗin waɗanda suka yi gaba da gaba da na waɗanda suka naƙasa. Ran 28 ga Mayu, 2010, majalisar da ke tsaron tsarin mulkin Faransa ta rushe sauran bambancin, aka soma aiki da wannan daga farkon 2011. Ko a nan ma cikakken gyara sai wanda ya rubuta takardar nema, kuma ba a mayar musu da abin da ya wuce na shekarun nan duka ba. Mafi yawan masu hakkin sun riga mu gidan gaskiya kafin ranar ta zo.

Sharaɗin wurin zama kuma dabam ya ke. Kafin 2023 waɗansu tsofaffin sojojin Afirka suna karɓar kuɗin taimakon tsufa a Faransa, wajen Yuro 950 a wata, amma sai sun zauna can wata shida kowace shekara, in ba haka ba a yanke. Dattawa masu shekara tamanin da casa'in suka yi ta zaman kaɗaici cikin 'yan ɗakuna, nesa da iyalinsu, don kada kuɗin ya tsaya. Sai a watan Janairu na 2023 aka ɗauke musu sharaɗin, a watan Afrilu tara daga cikinsu suka koma Sanigal.

Sauran manyan ƙasashe ma kowace da irin nata. A Amurka diyyar raunin da soja ya samu a bakin aiki tana bin sa duk inda ya zauna, ko da ya saki ƙasar, amma albashin hutu na hafsa yana iya faɗuwa idan ya saki takardarsa, domin har yanzu ana lissafa shi cikin rundunar. Ingila kuwa tana biyan fanshon tsufa ga wanda ya koma Nijeriya, amma ba ta yi masa ƙarin shekara-shekara da ta ke yi wa na gida.

To, a komo ga dattijon Indabo. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba shi kariya biyu. Sashe na 173 ya hana a riƙe fanshon ma'aikacin tarayya ko a rage shi sai yadda doka ta yarda, ya kuma ce a riƙa duba shi kowace shekara biyar ko sa'ad da aka gyara albashi. Sashe na 28 kuwa ya yarda wa wanda ya ke ɗan ƙasa ta haihuwa ya karɓi takardar wata ƙasa ba tare da ya rasa tasa ba, abin da tsarin mulkin 1979 ya hana. Ashe ƙaura ba ta wajabta masa sakin ƙasa ba, sai fa in ƙasar da ya nufa ce ta sharɗanta haka, gama akwai waɗanda ba su yarda da takarda biyu.

Sakin kansa yana cikin sashe na 29. Wanda ya cika shekara 18 ya kan rubuta furucinsa, Shugaban Ƙasa ya sa a yi rajistarsa, daga nan ya fita daga 'yan ƙasa. Komowa kuwa ba ta hannunsa, sai ya nema, a ba shi ko a hana. Alhali Hukumar Fanshon Soja da ke Abuja ta kan tantance masu karɓa lokaci lokaci, don ta san mai rai da wanda ya rasu, wanda bai bayyana ba kuwa kuɗinsa na iya tsayawa. Mutumin da ya mai da kansa baƙo ya ƙara wa kansa ƙofofin da zai ƙwanƙwasa kafin ya kai ga hakkinsa, haka kuma matarsa da marayunsa a bayansa.

Saboda haka malamin da aka kawo wa wannan shawara, da falken da aka tambaya, su sa mai ita ya yi abu uku kafin ya ɗora hannu a kan kowace takarda. Na ɗaya, ya rubuta wa hukumar da ke biyansa ya tambayi sharaɗin kuɗinsa, ya karɓi amsa a rubuce, kada ya dogara ga maganar baki. Na biyu, ya adana takardar sallamarsa da lambarsa ta soja, ya rubuta sunan magajinsa daidai, ya kuma nemi shawarar ƙungiyar mazan jiya ta Kano. Na uku, in ƙasar da ya nufa ta yarda da takarda biyu, ko ta ba shi izinin zama kawai, ya tsaya a nan, kada ya saki ta haihuwarsa.

Mazan jiyan Maraɗi da Damagaram ba a shawarce su ba, aka yi musu. Dattijon Indabo kuwa zaɓi yana hannunsa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah Ya ba kowane mai hakki hakkinsa tun yana da rai, amin.