Ra'ayinmu: A Hau Dutse, Amma Na Bakin Gari

A Sikotland akwai duwatsu 282 da tsayinsu ya haura ƙafa 3,000. Ana kiransu Munro, sunan mutumin da ya fara jera su a 1891. Mutum kan yi tafiyar yini don ya hau wanda ba kowa ya san shi ba, kuma dokar 2003 ta ba shi damar ratsa filin wani muddin bai yi ɓarna ba. Matasan Abuja ma sun ɗauka, duk Asabar suna kan dutse. Shin abin zai karɓi ƙasar Karaduwa, wato yankin Funtuwa da kewaye?

Duwatsu dai Allah ya hore mana. Sunayen unguwanni irin su Ɗandutse da Dutsen Reme a Funtuwa sun isa shaida. Wanda ya hau da sanyin safiya a watan Nuwamba, ya ga auduga ta yi fari fat, ga dammunan dawa jingine a gonaki har iya ganinsa, ba sai an yi masa wa'azin motsa jiki ba. Kuma ba a biyan ko sisi.

Sai dai nan ba Sikotland ba ce. Gindin kusan kowane dutse gonar wani ce, kuma in matasa ashirin suka bi ta cikin masara da damina, sai an kai ga gaban mai unguwa. Dutsen da ruwa ya jiƙa santsi gare shi, ga macizai a kogo. Babbar maganar kuwa tsaro ce. Tun da aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, baƙon da aka hango a kan dutse yana ɗaga waya, infoma za a fara ce masa kafin a tambayi sunansa. A Sikotland suna da 'yan sa-kai masu ceton wanda ya karye a kan dutse. Mu wa zai je?

Matsayinmu shi ne a hau, amma duwatsun bakin gari a Funtuwa da Malumfashi, bayan an kawar da amfanin gona, a cikin ayari, da sanin mai unguwa da 'yan sintiri, tare da ɗan gari a gaba. Na dazukan Faskari da Sabuwa kuwa a haƙura da su tukuna, har ranar da manomin wurin zai iya zuwa gonarsa ba tare da biyan harajin 'yan bindiga ba.