A Bar Mu Mu Yi Wasa a Ɗakin Kwamfuta

Malamanmu, muna da roƙo. A kulob ɗin kwamfuta muna haddar maɓallan Emacs daga allo, washegari mun manta. Alhali a cikin wannan manhajar rubutu akwai wani wasa, Dunnet, babu hoto ko ɗaya, rubutu zalla. Za ka tsinci kanka a ƙarshen wata hanya, ga shebur a ƙasa. Sai ka rubuta umarni da Turanci kafin ka ɗauka ko ka nufi gabas. Ka kuskure harafi ɗaya, ba inda za ka. Ko buɗe wasan ma darasi ne, don da Alt da x ake kiran kowane umarni a Emacs. Kuma ba ya cin data.

An ce wasa ɓata lokaci ne. To, a ba mu minti 15 duk Laraba, a jarraba mu ƙarshen zango.