Funtuwa: Tashar tsandauri ta samu, saura rabon 'yan kasuwar cikin gari

A watan Mayun 2024 ne aka buɗe tashar tsandauri ta Funtuwa a hukumance, shekara 18 bayan gwamnatin Obasanjo ta amince da kafa ta a 2006, tare da wasu guda biyar a Kano da Jos da Maiduguri da Ibadan da kuma Isiala Ngwa ta jihar Abiya.

Baya ga tashar, akwai aikin gwamnatin tarayya na mayar da hanyar Zariya zuwa Sakkwato tagwaye, wadda ta bi ta Funtuwa da Gusau. Ita ma gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta sa garin cikin shirinta na sabunta birane, tare da Katsina da Daura.

A takarda dai kakar Funtuwa ta yanke saƙa. Sai dai tambayar da ta fi damun mai shagon atamfa a babbar kasuwa, da dillalin hatsi, da mai tebur a bakin titi ita ce: idan an gama rabon, me zai zo hannunsu?

Garin da auduga da jirgi suka raina

Funtuwa ba ta yi girma don sarauta ko don zama hedikwatar gwamnati ba. Hanya ce ta raine ta. A ƙarshen shekarun 1920 Turawa suka shimfiɗa layin dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, ya ratsa ta garin, aka kuma kafa injin gurzar auduga domin a riƙa ɗaure ta ana kai wa masaƙun Ingila.

Daga nan fatake da leburori da dillalai suka yi ta kwararowa, har ƙaramin ƙauyen da ke ƙarƙashin ƙasar Maska ya zama mazaunin Sarkin Maska. A ƙarshen shekarun 1970 aka kafa masaƙar Funtua Textiles, wadda ta jure a lokacin da manyan masaƙun Kaduna irin su KTL suka rufe a farkon shekarun 2000.

Har yau garin mararraba ce. Hanyar Zariya da ta Gusau da ta Malumfashi zuwa Katsina da ta Birnin Gwari duk a nan suke haɗuwa. Masarar Dandume da Sabuwa, da tumatir da raken Ɗanja, da waken suyar Bakori da Faskari, akasarinsu sai sun taka Funtuwa kafin su wuce.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, kuɗin auduga bai tsaya a bakin tashar jirgi ba. Ya shiga cikin gari ta hannun masu awo da masu ɗinki da masu abinci da masu gidajen haya. Da wannan ma'auni ya kamata a auna ayyukan yau.

Tasha ta samu, ina jirgin?

Amfanin tashar tsandauri shi ne ɗan kasuwa ya karɓi kwantenarsa a kusa da gida. Kaya su sauka a Apapa ko Tin Can, a ɗauko su a rufe, jami'an kwastam su duba su a Funtuwa, a biya haraji a nan. Mai fitar da kaya kuma ya cika takardunsa a nan, ba sai ya yi makonni a Legas ba.

Amma wannan lissafi yana tsayawa ne da ƙafa biyu. Ta farko sufuri mai sauƙi, wanda galibi jirgin ƙasa ne. Tsohon layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya daɗe ba ya jigilar kaya a kai a kai. Sabon layin Kaduna zuwa Kano da ake ginawa ta Zariya zai bi. Na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya ya nufa. Babu wanda ya taɓa Funtuwa a cikinsu.

Ke nan kowace kwantena sai a bayan tirela, da man dizal mai tsada, da shingayen hanya daga Legas har Arewa.

Ƙafa ta biyu ita ce kada kwantena ta koma fanko. Idan ta zo da kaya ta koma ba komai, mai shigo da kayan ne zai biya kuɗin zuwa da na dawowa. Ga kuma gasa: Kaduna ta buɗe tata tashar tun Janairun 2018, Kano ta buɗe ta Dala a Janairun 2023, kuma manyan masu shigo da kaya na Kantin Kwari da Singa ba su da dalilin tsallake ta gida su zo Funtuwa.

Saboda haka ƙarfin Funtuwa yana wajen fitar da amfanin gona. A nan ne kuma ƙaramin ɗan kasuwa ke cin karo da bango. Kwantena mai ƙafa 20 tana cin kusan tan 18 zuwa 20 na kaya irin riɗi ko waken suya, wato buhu kusan 200 masu kilo 100. Kafin ta fita sai an yi rajista da hukumar bunƙasa fitar da kayayyaki ta NEPC, an cika fom ɗin NXP ta banki, an kuma samu shaidar lafiyar amfanin gona. Dillalin da ke juya buhu 30 a mako ba zai iya wannan shi kaɗai ba.

Idan ba a haɗa ƙarfi ba, abin da zai faru a bayyane yake: manyan kamfanoni daga Kano da Legas za su kafa rumbuna kusa da tashar, su aika wakilansu kai-tsaye zuwa kasuwannin ƙauye, dillalin cikin gari ya koma ɗan kallo.

Faɗaɗa titi: asarar wa?

Babu mai ja da cewa tsakiyar Funtuwa na bukatar gyara. Tireloli da 'yan acaɓa da masu A Daidaita Sahu da masu kasa kaya duk titi ɗaya suke rabawa, ga magudanan ruwa da ke cikewa da damina.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen biyan diyya. Dokar mallakar filaye ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓe fili domin amfanin jama'a, diyyar kuma ta ginin da ke kai ce, ana ba mai takardar mallaka. Wanda ya kama hayar shago, ya shekara 20 yana tara abokan ciniki a wurin, ba ya cikin wannan lissafi. Balle mai tebur ko mai shayi.

Garuruwa maƙwabta sun riga sun nuna yadda abin ke kasancewa. A Kaduna, gwamnatin Nasir El-Rufai ta rushe Kasuwar Barci a 2020 domin sake gina ta. An samu gine-gine na zamani, amma tsofaffin 'yan kasuwa da dama sun koka cewa kuɗin sababbin shagunan ya fi ƙarfinsu. A Kano, rusau ɗin shagunan Filin Idi a Yunin 2023 ya kai ga kotu, inda Babbar Kotun Tarayya ta umarci gwamnatin jihar ta biya 'yan kasuwar diyyar naira biliyan 30.

Darasin ba wai a bar gari yadda yake ba ne. A rubuta sunan kowane mai sana'a a wurin kafin katafila ta iso, a tanadi matsuguni na wucin gadi da masu saye za su iya kaiwa, a kuma bayyana farashin sababbin shaguna da tsarin biya kaɗan-kaɗan tun kafin a aza bulo.

Akwai kuma batun tireloli. Fitar da su daga tsakiyar gari zai rage haɗurra, amma direbobin nan su ne cinikin masu abinci da masu faci da kanikawa. Garejin manyan motoci da aka ware wa waɗannan masu sana'a rumfuna a cikinsa zai rage cunkoso ba tare da an toshe musu hanyar abinci ba.

Kasuwa ta wa ce?

Kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora alhakin kafa kasuwanni da tashoshin mota da kula da su a kan ƙananan hukumomi. Su ne ke karɓar kuɗin rumfa da na tikiti. Amma shekaru da dama kasonsu na tarayya ta asusun haɗin gwiwa da jiha yake bi, manyan ayyuka kuma daga Katsina ake tsara su.

Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai-tsaye, ya buɗe ƙofa, ko da yake aiwatar da shi na tafiyar hawainiya. Ga ɗan kasuwar Funtuwa ma'anarsa ɗaya ce: yanzu yana da hurumin tambayar shugaban ƙaramar hukuma nawa ake tarawa a kasuwa, nawa kuma ke komawa wajen kwashe shara da gyaran kwata da tanadin ruwan kashe gobara.

Tsaro da wuta

Duk kyan titi, idan manomin Faskari ko Sabuwa bai je gona ba, ba abin da za a loda. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Funtuwa, aka kuma taƙaita cinikin dabbobi da sayar da fetur a jarka. Masu POS da masu tura kuɗi ta waya sun ji jiki, dillalai kuma suka koma yawo da tsabar kuɗi a hanyoyin da ba su da aminci. Gwamnatin Raɗɗa ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, amma har yanzu hanyar Birnin Gwari da wasu sassan hanyar Gusau sai da addu'a.

Wutar lantarki ma haka. Lokacin da akasarin Arewa ta shafe fiye da mako guda cikin duhu a Oktoban 2024, masu walda da masu niƙa da masu ƙanƙara sun koma kan janareta, alhali tun cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin fetur ya ninka sau da yawa. Injin casar shinkafa ko na tsaftace riɗi ba zai yi gasa da na wani gari ba muddin da dizal yake aiki.

Abin da ke hannun 'yan kasuwa

Layin dogo da tsaron daji sun fi ƙarfin ƙungiyar kasuwa. Amma akwai abin da ba sai an jira Abuja ba.

Ƙungiyoyin masu hatsi da na masu auduga za su iya yin rajista a matsayin ƙungiyar gama-kai, su mallaki lasisin fitar da kaya guda ɗaya, su haɗa kuɗi su sayi injin tsaftacewa da sikeli. Hukumar KASEDA da gwamnatin jihar ta kafa domin ƙananan masana'antu ita ce ƙofar da ta dace su ƙwanƙwasa, musamman ganin cewa gwamnan da kansa ya taɓa shugabantar hukumar SMEDAN ta tarayya.

Haka kuma ƙungiyoyin na da damar neman a nuna musu taswirar kowane aikin titi ko na kasuwa, da jerin waɗanda abin zai shafa, tun kafin a sa jan fenti a bango. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma wannan rawa ce da ko sun tashi ko ba su tashi ba za a yi ta.

Nan da 'yan shekaru, ba yawan kwantenonin da aka jera ranar biki za a duba ba. Za a duba ne a ga kwantena nawa suka fita ɗauke da kayan mutanen Karaɗuwa, da kuma mutum nawa daga cikin waɗanda aka tasa daga bakin titi suka samu shagon da za su iya biya.