Kafin gulbi ya yanke hanya

Jama'a masu saurarenmu, damina ta ƙarato. Mun san abin da watan Ogusta ke kawowa: masassara, yara babu jini, mace na naƙuda tsakar dare bisa amalanke. Ambilans kuwa tana tsaye ƙofar CSI, wai babu gazuwal.

A wasu gundumomi ana ƙara dala 20 bisa kuɗin ganin likita, don kai marar lafiya babban asibiti. To, kuɗin nan hannun wa suke? Mu dai muna ganin tun yanzu majo, magajin gari, maigari da sandikar direbobi su zauna. A faɗi nawa ke cikin asusu, a tanadi mai, a rubuta sunayen matasa masu ba da jini. Lambar direban da ke gadi kuma, ku kawo mana, mu karanta ta a rediyo kowane dare.